Wasan Kuɓuta Daga Ɗaki Ya Cancanci Gurbi a Darasin Kimiyya

A shekarar 2012 wani malamin fiziks a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, mai suna Gabriel Palacios, ya shirya wa ɗalibansa wani wasa wanda a cikinsa ake sa su a ɗaki, sai sun warware matsaloli irin na kimiyya kafin su sami hanyar fita. Wasan ya karɓu har aka buɗe shi ga sauran jama'a da sunan AdventureRooms, daga baya kuma aka kafa irinsa a ƙasashe da dama. Wato abin da ya fara a matsayin dabarar malami ta jawo hankalin yaran ajinsa ya zama sana'ar da mutane ke biyan kuɗi su shiga.

Irin wannan wasa, wanda za a iya kira wasan kuɓuta daga ɗaki, ya cancanci malaman kimiyya na makarantun sakandare su dube shi da idon basira. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne cewa wasan yana da gurbi a darussan ilmin halittu da kemistiri da fiziks, matuƙar an yi shi bayan an koyar da darasin, an gina matsalolinsa a kan kimiyya ta haƙiƙa, an kuma kiyaye lafiyar yara. Idan aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, gara a bar shi.

Asalin wasan da yadda ake yin sa

Tushen abin yana cikin wasannin kwamfuta. A shekarar 2004 wani mutumin Japan, Toshimitsu Takagi, ya fitar da wasa mai suna Crimson Room, inda mai wasa ke samun kansa a kulle a cikin ɗaki, yana laluben aljihun tebur da ƙarƙashin matashi don neman abin da zai buɗe ƙofa. A 2007 Takao Kato da kamfaninsa SCRAP suka fitar da dabarar daga kwamfuta zuwa ɗaki na gaske a birnin Kyoto. A 2011 Attila Gyurkovics ya buɗe ParaPark a Budapest, babban birnin Hangari, daga nan wasan ya bazu a Turai da Amurka da sauran sassan duniya.

Tsarin wasan ba shi da wuyar fahimta. Ana shigar da rukunin mutane kaɗan cikin ɗakin da aka ƙawata don ya yi kama da wani wuri, alal misali ɗakin gwaje-gwaje ko jirgin sama jannati. Ana ba su labari, kamar a ce wata cuta ta ɓarke kuma maganinta yana cikin akwati, sannan a ba su lokaci, galibi sa'a guda. Kowace matsala da suka warware tana ba su lamba ko kalma ko mabuɗi, wanda zai kai su ga matsala ta gaba. Akwai mai kula da wasa da ke kallon su daga waje, yana ba su haske idan sun cije. A 2015 wani kamfani a Amurka mai suna Breakout EDU ya yaɗa salon da ya fi dacewa da makaranta, inda akwati ake kullewa da kwaɗo mai lambobi, ɗalibai kuma su nemi buɗe shi, ƙofar aji tana a buɗe.

Ga Bahaushe, ruhin wannan wasa ba baƙo ba ne. Yaran da suka tashi da kacici-kacici a dandali da dare sun san daɗin da ke cikin a ƙulla wa mutum magana ya kwance ta. Bambancin kawai shi ne a nan ƙullin na kimiyya ne, ana kuma kwance shi da hannu da ido tare da abokai.

Misalin ɗaki a ajin ilmin halittu

Domin kada maganar ta tsaya a sama, a ƙaddara malamin ilmin halittu ya shirya wa 'yan aji biyar na sakandare wasa mai matakai huɗu. Labarin shi ne ma'aikacin lafiya na wani ƙauye ya yi tafiya ya bar rahotonsa a kulle, cutar amai da gudawa ta ɓulla, kuma motar da za ta kai rahoton hedkwatar ƙaramar hukuma za ta tashi bayan minti 40.

A mataki na farko ɗalibai za su tarar da taswirar ƙauyen, mai gidaje da rijiyoyi uku, da katunan da ke nuna gidajen da aka kamu. Yawancin gidajen suna kewaye da rijiya guda, amma akwai gida ɗaya can nesa da shi ma aka kamu, akwai kuma gida a jikin rijiyar da babu wanda ya kwanta. Sai sun karanta katunan da kyau za su ga cewa matar gidan nesa daga wannan rijiya ake ɗebo mata ruwa, gidan kusa kuwa yana da tasa rijiyar a tsakar gida. Lambar rijiyar da ake zargi ita ce za ta buɗe kwaɗo na farko. Wannan kusan abin da likita John Snow ya yi ne a Landan a 1854, lokacin da kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho. Ya zana mace-macen a taswira, ya ga sun taru a kewayen famfon titin Broad, ya kuma gano wata mata a unguwar Hampstead mai nisa wadda ta mutu domin daga wannan famfo ake kai mata ruwan sha.

A mataki na biyu akwai kwalabe uku waɗanda takardun sunayensu suka faɗi, da kofin ruwan zoɓo marar sukari. Zoɓo yana ɗauke da launi mai suna antosayanin, wanda ke sauyawa gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi. Idan aka ɗiga shi cikin ruwan lemon tsami jansa zai ƙara fitowa, idan kuwa ruwan kanwa ne zai juya ya yi duhu mai ratsin kore. Ɗalibai za su jera kwalaben daga mai asid zuwa ruwa zalla zuwa mai kanwa, lambobin da ke gindin kwalaben su ba su mabuɗi na biyu.

A mataki na uku za su sami takarda mai ɗauke da wannan jeri na RNA: AUG GCU UCU GCC CGU GCA UAA. Ga kuma jadawalin da ke nuna amino asid ɗin da kowane rukuni na haruffa uku ke nufi, tare da harafin da masana ke taƙaita sunansa da shi. AUG na nufin metiyonin, harafinsa M. GCU alanin ne, harafinsa A. UCU serin ne, S. GCC alanin ne kuma. CGU arjinin ne, R. GCA alanin ne a karo na uku. UAA kuwa alama ce ta tsayawa. Kalmar da ta fito ita ce MASARA, kuma mabuɗin yana cikin kwanon masarar da ke ajiye a kusurwar aji tun farko ba wanda ya kula da shi. Kafin yaro ya kai ga wannan kwano ya riga ya ga da idonsa cewa saƙon yana farawa da AUG, yana ƙarewa da alamar tsayawa, kuma rukunai uku mabambanta sun ba da alanin guda, abin da ke bayyana yadda rukunai 61 ke wakiltar amino asid 20 kacal. Rukuni na farko da aka taɓa fassarawa shi ne UUU, wanda Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano ma'anarsa a 1961.

Mataki na ƙarshe kati ne na wani iyali a ƙauyen. Miji da mata duk AS ne, sun haifi 'ya'ya uku babu mai sikila, ga ciki na huɗu. Tambayar ita ce kashi nawa cikin ɗari ne yiwuwar wannan jaririn ya zo da SS. Da yawa za su ce tunda ɗaya ne cikin huɗu, kuma uku sun tsira, to na huɗun ba makawa. Za su sa 100, kwaɗo ya ƙi buɗewa. Amsar ita ce 25, domin kowane ciki lissafinsa daban ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. A ƙasa irin Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da amosanin jini, wannan lissafi zai bi ɗalibi har ranar da za a yi maganar aurensa.

Abin da wasan ke gyarawa

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san irin ɗalibin da zai rubuta ma'anar wata kalma ta kimiyya daidai da yadda take a littafi, ba ragi ba ƙari, amma idan aka juya masa tambayar kaɗan sai ya rasa ta cewa. Ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya jawo haka ba. Dalili kuwa shi ne an saba masa da kwafar allo da hadda, ba a taɓa sa shi a matsayin da zai buƙaci wannan ilmi don ya fita daga wata matsala ba. A makarantu da yawa kayan gwaje-gwaje ba sa fitowa daga kabad sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, a wasu ma babu kayan sam. Ga shi kuwa Hausawa sun ce amfanin ilmi aiki da shi.

Wasan kuɓuta yana taɓa wannan rauni ta fuskoki biyu. Na farko, kwaɗo ba ya jin kunyar kowa. Ɗalibi ba zai iya lallashinsa da doguwar amsa mai kalmomin Turanci ba, ko dai lambar ta yi daidai ko ta ƙi. Idan ta ƙi, dole rukunin ya koma ya binciki inda tunaninsa ya karkace, kuma wannan komawa ita ce zuciyar aikin kimiyya: a yi hasashe, a gwada, a gyara. Na biyu, kuskure a cikin wasa ba ya zuwa da bulala ko dariyar aji, saboda haka yaron da ba ya ɗaga hannu a darasi yana iya faɗin abin da yake zato ba tare da fargaba ba.

Akwai binciken da ke ƙarfafa wannan ra'ayi. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon nazari 225 da aka yi a kan koyar da kimiyya da lissafi da injiniya a jami'o'i. Sun gano cewa a azuzuwan da malami ke lacca zalla, kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa, a azuzuwan da ake sa ɗalibai warware matsaloli da tattaunawa kuwa kashi 21.8 ne. Gaskiya ne cewa wannan bincike a kan ɗaliban jami'a aka yi shi, kuma ya shafi hanyoyin sa ɗalibi aiki gaba ɗaya, bai keɓanta ga wasan kuɓuta ba. Abin da yake tabbatarwa shi ne ginshiƙin da wasan ya dogara a kansa, wato ɗalibin da ya yi fama da matsala da kansa ya fi wanda ya zauna yana sauraro kawai samun nasara.

Hujjojin masu suka

Masu shakkar wannan wasa suna da hujjoji waɗanda bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce jin daɗi daban, koyo daban. Yara za su iya fita daga wasa suna murna da shewa alhali ba abin da ya zauna a kansu. Wani gwaji da Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka yi a ajin fiziks na Jami'ar Harvard, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa abin da ɗalibi ke ji game da koyonsa ba ma'auni ne abin dogaro ba. Ɗaliban da aka yi wa lacca mai daɗin sauraro sun ɗauka sun fi koyo, amma da aka yi musu gwaji sai waɗanda aka sa su aiki da kansu suka fi su maki. Darasin da ke nan ya hau kan wasan kuɓuta kamar yadda ya hau kan lacca. Shewar yara ba shaida ba ce. Malamin da ya yi wasan ya kamata ya ba da ɗan gwaji bayan mako ɗaya ko biyu, ya ga abin da ya rage a kawunansu.

Hujja ta biyu ita ce wanda bai san komai a kan darasi ba ba zai gano shi ta hanyar lalube ba. A 2006 masana ilmin koyarwa uku, Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, sun yi bayanin cewa sabon shiga yana buƙatar jagora bayyananne, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, idan aka cika ta da neman hanya ba sauran wurin da za ta ajiye sabon ilmi. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa aka ce wasan ya zo bayan darasi. Yaron da ba a taɓa koya masa gadon halitta ba, idan aka ba shi katin AS da AS, sai dai ya yi ta juya lambobi har sa'a ta kama shi. Wurin wasan shi ne ƙarshen babi ko lokacin bita.

Hujja ta uku ita ce agogo. Wasan yana koya wa yara gaggawa, kimiyya kuwa aikin haƙuri ce. Gregor Mendel ya shafe shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana shuka da ƙirga tsirrai kusan 28,000 a garin Brno kafin ya fitar da ƙa'idojin gado da ake koyarwa a yau. Haka kuma a wasa kowace matsala tana da amsa guda da wani ya riga ya ɓoye, alhali mai bincike na gaske yakan shekara bai san ko tambayarsa tana da amsa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibai haka ƙarara. Maganin gaggawa shi ne a tsara matsalolin yadda mai sauri zai faɗa tarko, kamar tarkon 100 da 25, har yara su gane da kansu cewa sauri ya haifi nawa.

Hujja ta huɗu ita ce a kowane rukuni akan sami mai baki da zai ƙwace komai, sauran su zama 'yan kallo, kuma sau da yawa masu kunya ne ake bari a baya. Ana rage wannan ta hanyar raba bayanai, a ba kowane ɗalibi kati wanda ba kowa ke da shi ba, ta yadda ba za a kai ga amsa ba sai an saurari kowa. Rukuni kuma kada ya wuce mutum biyar ko shida.

Sai batun kuɗi da yawan ɗalibai. Ɗakunan kasuwanci na Turai suna da na'urori masu tsada, amma ilmin ba a cikin na'urorin yake ba. Duk misalin da aka kawo a sama ana iya yin sa da kwali da alli da zoɓo da kanwa da lemon tsami da mudun masara. Inda babu kwaɗo mai lambobi, ambulan ya wadatar: a rubuta amsoshi daban-daban a bayan ambulan, mai amsar daidai yana ɗauke da mataki na gaba, sauran kuwa suna ɗauke da tambayar da za ta mayar da rukunin ya sake tunani. Da wannan dabara aji mai yara da yawa zai iya yin wasan a lokaci guda, kowane rukuni a kan teburinsa.

Rai ya fi wasa

Akwai sharaɗi guda da ba a sassauta shi. A ranar 4 ga Janairu 2019 gobara ta tashi a wani gidan wasan kuɓuta a garin Koszalin na ƙasar Polan, sakamakon yoyon iskar gas. 'Yan mata biyar masu shekara 15, waɗanda suka je murnar zagayowar ranar haihuwar ɗayarsu, suna kulle a ciki ba su da hanyar fita, hayaƙi ya kashe su. Bayan haka hukumomin ƙasar suka binciki irin waɗannan wurare suka rufe da dama. Saboda haka a makaranta ba a kulle ƙofa ko taga a kan yara da sunan wasa, ko da na minti ɗaya ne. Akwati ake kullewa. Kada a yi amfani da wuta ko asid mai ƙarfi, kada a bar kowa ya ɗanɗana abin da ke cikin kwalba ko da an san ruwan lemo ne, domin ɗabi'ar da yaro ya koya a wasa ita zai kai ɗakin gwaje-gwaje. Malami kuma ya kasance a cikin ajin daga farko har ƙarshe.

Kammalawa

Mafi muhimmancin ɓangaren wasan yana zuwa ne bayan an buɗe akwati. A darasi mai zango biyu, idan wasa ya ci minti 40, sauran lokacin na zama ne a tattauna. Kowane rukuni ya faɗi abin da ya fara zato, da abin da ya sa ya sauya ra'ayi, da shaidar da ta gamsar da shi. A nan ne malami zai ɗaure kowace matsala da sunanta na littafi, ya gyara fahimtar da ta karkace, ya kuma tabbatar cewa rukunin da bai gama ba ya ga inda ya tsaya. Wasan da aka tashi daga shi da tafi kawai ba tare da wannan zama ba, an yi asarar rabin amfaninsa.

Haka kuma a guji matsalolin da kimiyyarsu ado ce kawai, irin a ce a ƙirga kwalaben da ke kan tebur a sami lamba. Ma'aunin matsala mai kyau shi ne wanda ya fahimci darasin zai warware ta, wanda bai fahimta ba kuwa zai cije har sai ya koma ga littafinsa.

Shawara ga malamai ita ce su fara da ƙarami, matsala biyu ko uku a ƙarshen babi guda, sau ɗaya a zangon karatu, sannan su auna sakamakon da gwaji. Ƙungiyoyin kimiyya na makarantu kuwa za su iya ɗaukar aikin gaba, 'yan aji shida su tsara wa 'yan aji huɗu nasu wasan. Wanda zai ƙulla saƙo da haruffan RNA har ya ba da kalmar Hausa, ko ya shirya taswirar da za ta nuna rijiya guda ba tare da ta bayyana amsar a fili ba, dole ya san darasin fiye da wanda zai kwance ƙullin. Idan an gwada a makaranta aka ga makin yara a wannan babi bai motsa ba, babu laifi a ajiye wasan a nemi wata dabara. Idan kuwa yarinyar da ta sa 100 kwaɗo ya ƙi buɗe mata ta koma gida ta yi wa yayarta mai shirin aure bayanin dalilin da ya sa amsar take 25, to minti 40 ɗin da aka kashe ba su tafi a banza ba.